Marigayiya Kia Ta Zo Karɓar Bujenta

"To ɗauke ni cak ka jefa a motar, in ka isa," in ji tsohuwa Kia, ta ƙara damƙe ƙarfen ƙofar da hannu biyu. "Ga 'yan kallo nan sun taru. Fara."

Lenh, ɗanta, ya share gumi da hannun rigarsa ta zuwa taro. Tun fitowarsu daga asibitin ido yake lallashi, yanzu lallashin ya ƙare ya koma huci. Ya ce motar da za ta mai da su gida kan dutse ba ta jiran kowa. Ya ce likita ya hana ta tsayuwa a rana. Ya ce gidan tarihin ƙabilun Vietnam ba kasuwa ba ne da za a shiga da kwandon goyo da takalmin roba, kuma ma yau ranar hutunsu ce. Bai rufe baki ba wata motar makaranta ta tsaya ta zazzage yara, suka bi ta gefensa suka shige.

"Ranar hutu," in ji Kia. "Ashe yaran ne kawai ba a gaya wa ba."

Buje ne ya kawo rigimar. Duk macen ƙabilarsu ta Hmong da ta san ciwon kanta tana da shi a ƙasan akwati: bujen rama da uwarta ta saƙa, ta zana da kakin zuma, ta rina a baba, ta ba ta ranar da za a kai ta gidan miji. Shi za a sa mata ranar da ta mutu, don in ta isa can wurin kakanni uwar ta duba aikin hannunta ta gane 'yarta ce. Wadda ta je da bujen leda na kasuwa, wanda ko ƙasa ba ta ci, sai dai ta yi ta gararamba a bakin ƙofofi ana tambayarta 'yar gidan wa ce. Uwar Kia kuwa ko da ranta ba mai saurin gane mutane ba ce. An sha ganinta ta kama 'yar maƙwabta ta zane tas a zaton Kia ce. Irin wannan uwar ba a zuwa mata babu shaida.

Da daminar da ta wuce, Kia na kwance a asibiti ana cire mata yanar ido, masu tattara kayan gargajiya suka shigo ƙauyen. Lenh ya daɗe yana zawarcin kujerar shugaban ƙauye, har tafiyarsa ta canja, yana sa hannu a baya kamar mai duba gonar wani. Ganin baƙi da mota mai tuta, sai ya buɗe akwatin uwarsa ya zaro abin da ya fi kyau a ciki. Kia ba ta sani ba sai da maƙwabciyarta Pla ta nuna mata a waya. Pla kuwa in ta ji magana da safe ba ta iya cin dambun masararta sai ta sauke ta a gida uku. Ga Lenh nan a talabijin cikin kwat, yana washe baki kusa da wata 'yar tsana mai tsayin mutum, 'yar tsanar kuma sanye da bujen mutuwar Kia.

Kia ta koma gida ta buɗe akwati, ba ta tarar da komai a ƙasansa ba sai ƙamshin katako. Ba ta ce wa kowa uffan ba. Ta bari aka gama girbin masara, sannan ta fara ƙorafin idon yana mata ƙaiƙayi, sai an mai da ita wurin likitan birni. Idon nan kuwa lafiyarsa ƙalau, yana iya hango ƙuma a bayan karen maƙwabta.

Da Lenh ya ga masu gadi sun fara leƙowa, ya je ya yanko tikiti biyu, yana cewa kallo kawai za ta yi, ta yi masa alkawari. Kia ta ce ai dama ido aka gyara mata, me ake yi da shi in ba kallo ba.

Suka shiga. Sanyin wurin ya doki ƙafafunta, ƙasan kuma sai sheƙi yake kamar an zubar da mai. Ta bi a hankali tana murza zaren ramar da ke naɗe a hannunta, don ko a jana'iza Kia ba ta barin hannunta ya zauna haka nan. Lenh ya yi ta janta ta wajen ganguna da kwale-kwale da tarkunan kifi, yana ta bayani da ƙarfi kamar shi ya gina gidan. Ita kuwa tana tafe tana yanke hukunci. Jan ɗankwalin matan ƙabilar Dao ta ce an ɗaura shi kamar na mai ciwon haƙori. Garmar da aka jingina a bango ta ce ta gidan Pla ta fi ta tsufa, da sun sani da can suka je, har da mijin Pla sai su haɗa su kawo. Ta tsaya gaban wani murhu da aka jera wa duwatsu da tukunya babu toka ko ƙyas, ta girgiza kai ta ce matar gidan nan ko dai malalaciya ce ko ta yi yaji.

Duk lokacin da ta doshi matakalar bene, sai Lenh ya tuna da wani abin mamaki a wani lungun. Daga nan ta gane inda za ta. Ta ce ya jira ta za ta zaga, ta bi ta bayan wata katafariyar gangar tagulla, ta kama ƙarfen matakala ta haye.

Tun daga nesa ta gane shi. Yana can ƙarshen ɗakin cikin akwatin gilashi, an haska masa fitila, an baza tattararsa yadda ko ita ba ta taɓa ganin an baza ba. Ga shuɗin nan mai duhu da uwarta ta yi wata da watanni tana tsomawa tana shanyawa, har hannuwanta suka rine da launin. Ga wurin da kakin ya ɗiga a gefen hagu, ranar da akuya ta shigo ta ture kasko, uwar ta mai da ɗigon ya zama ɗan katantanwa don kada a gane. Kia ta kai goshinta jikin gilashin. 'Yar tsanar ba ta da fuska, fara fat, ta ɗan karkatar da ƙugu kamar mai jiran saurayi a kasuwar Lahadi.

"Ke kuma 'yar gidan wa ce," in ji Kia a hankali, "da za ki sa kayan mutane ki tsaya kina yanga?"

Sai ga yaran makarantar nan sun iso, wata ma'aikaciyar gidan na gaba da doguwar riga da ɗan abin magana a baki. Kia ta matsa gefe. Yaren mutanen Kinh, masu rinjaye a ƙasar, ba nata ba ne, amma wadda ta shekara da shekaru tana sayar musu da zuma a bakin titi ba za a zage ta da shi ta yi godiya ba. Ma'aikaciyar ta yi bayanin rama da kaki da baba, duk daidai, Kia har tana gyaɗa kai. Ta gaya wa yaran cewa da irin wannan buje ake binne mace don uwarta ta gane ta. Wata yarinya mai kitso biyu ta ɗaga hannu ta tambaya, to mai wannan fa? Ma'aikaciyar ta sassauta murya ta ce mai shi, marigayiya Giang Thi Kia, ta rasu a asibiti nesa da gida, ba a samu damar sa mata shi ba, shi ne ɗanta ya kawo shi nan don a riƙa tunawa da ita.

Yaran suka sunkuyar da kai. Wani ma har ya cire hula.

Kia ta daina murza zare. Ta juya, ga Lenh a bakin ɗakin, ya hayo da gudu yana haki, kuma da ganin fuskarsa ka san ya ji. Ta matsa kusa da ma'aikaciyar ta taɓa mata hannu, ta tambaye ta da ladabi, yaushe ne matar ta rasu. Aka ce da daminar da ta wuce. Ta tambaya ko ta sha wahala. Ma'aikaciyar ta ce ɗan ya ce cikin barci ta tafi. Kia ta ce to madalla, wannan kam ya kyauta mata.

"Kaka, kin san ta ne?" in ji ma'aikaciyar.

"Tare muke kwana, 'yar nan," in ji Kia. "Ni ce."

Ta sauke kwandon goyonta, ta zaro ɗan bargo ta shimfiɗa a gindin akwatin gilashin, ta cire takalma ta jera su, ta zauna ta miƙe ƙafa.

Ma'aikaciyar, Malama Nhung sunanta, ta dubi tsohuwar ta dubi Lenh. Ta gane shi sarai, don ita ce ta je ƙauyen, ita ce kuma ta tambaye shi ko mai bujen ta yarda a ɗauka, tunda ta san ba a raba mai rai da irinsa. A ranar Lenh ya ga in ya ce tana asibiti za a ce a jira ta, shi ne ya sunkuyar da kai ya yi ajiyar zuciya, sauran labarin kuma ya zo da kansa. Har hannu Malama Nhung ta riƙe masa tana ba shi haƙuri.

Lenh ya durƙusa kusa da uwarsa yana magana ƙasa-ƙasa da yaren gida. Ya ce ta tashi su je waje su yi magana. Ya ce ba a fahimce shi ba ne, cewa ya yi ta kusa rasuwa. Ya ce zai sa matarsa ta saƙa mata wani sabo fil, wanda ya fi wannan faɗi.

"In je wa uwata da saƙar matarka? Wadda iska ke wucewa ta ciki? Ta ce mini 'yar wa?"

"Inna, ana kallonmu."

"Ai gidan kallo ne. Kai ka yanki tikiti."

Malama Nhung ta sallami yaran zuwa ɗaki na gaba, amma babu wanda ya motsa. Ta tsuguna ta ba Kia haƙuri, kunyar duniya ta ishe ta. Ta ce bujen aro ne har yanzu, ba a riga an shigar da shi cikin kayan gidan na dindindin ba, saboda haka ana iya mayarwa. Sai dai wanda ya kawo shi ne kaɗai zai nema, kuma sai ya tsaya gaban shugaban gidan ya faɗi dalili da bakinsa.

Nan fa Lenh ya miƙe. Shugaban gidan nan shi ne ya rataya masa fure a talabijin, kuma abokin manyan gunduma ne, waɗanda za su zauna kan maganar kujera bayan sabuwar shekara. Ya ce a bari sai an gama baje kolin, a hankali, ba tare da surutu ba. Watanni kaɗan ne. Kia ta ce ita da aka riga aka kashe sau ɗaya ba a shawarce ta ba, ba ta da tabbacin na biyun zai jira baje koli. Inda bujenta yake nan take. In mutuwar ta zo, sai su fasa gilashi su sa mata, ga 'yan makoki nan ma an tara kyauta.

Ta warware ganyen ayaba ta fara cin dambunta.

Kafin wani lokaci ɗakin ya cika. Wasu Turawa masu gajeren wando suka ɗauka tana cikin abin da aka baje, suka yi ta ɗaukar hoto, ɗaya har ya tambayi mai gadi ko kullum ake kawo ta. Wasu mata 'yan ƙabilar Tay da suka zo yawon buɗe ido daga lardinsu suka ji labari, suka zauna a ƙasa kusa da ita, aka miƙa mata lemo. Mai gadi ya zo zai ɗaga ta, ta dube shi ta tambaya ko a gidansu ana taɓa gawa ba a wanke hannu ba. Ya koma bakin ƙofa ya tsaya.

Da ta ƙoshi ta sha ruwa, sai ta ce tunda ba a yi mata kukan mutuwa ba, bari ta yi wa kanta. Ta gyara zama ta ɗora hannu a kumatu ta ja muryar makoki, irin wadda ake jerowa a kan gawa ana faɗin abin da mamaci ya bari. Sai dai ta jero ta da yaren Kinh, don kada wani ya tafi bai ƙaru ba. Ta yi kukan Kia baiwar kakanni, wadda ta goyi ɗa har ƙafarsa na jan ƙasa saboda tsoron agwagwa. Wadda ta shanya tabarmarsa a bayan ɗaki har ya fara gemu, tana ce wa maƙwabta kyanwa ce ta yi fitsarin. Wadda ta je da kanta ta roƙo masa mata, bayan ya je satar amarya irin ta al'adarsu ya dawo shi kaɗai da kumburarren ido, amaryar ce ta yi masa.

Yaran makaranta suka kwanta da dariya. Matan Tay suna share hawaye suna cewa ta ƙara. Wayoyi kuwa duk an ɗaga su sama.

Lenh ya tsaya jikin bango fuskarsa ta yi ja kamar ɗankwalin Dao. Kia ta numfasa, ta kalle shi da idon nan da aka gyara, ta ce masa da yaren gida saura labarin alade da giyar masara, na ranar da manyan gunduma suka kawo ziyara. Ta tambaye shi ko ya fi son ta fara daga inda ya shiga turken ko daga inda aka fito da shi.

Ya juya ga Malama Nhung ya ce ina ne ofishin shugaban.

Abin da aka faɗa a ofishin nan babu wanda ya ji, an dai ce bai daɗe ba, kuma shugaban bai rako shi ba. Aka zo da mabuɗi aka buɗe gilashin, aka ɗauki 'yar tsanar a kwance aka nufi wani ɗaki na baya. Kia ta naɗe bargonta ta bi su a baya tana cewa a yi hankali da kan.

A ɗakin, Malama Nhung ta sa farar safar hannu ta kwance bujen ta shimfiɗa a tebur. Kia ba ta ɗauka ba. Ta tambaya da me aka kafe tattarar ta tsaya haka. Aka ce da 'yan ƙananan allurai. Sai fuskarta ta canja, wasan ya tafi. Ƙarfe ba ya shiga akwatin gawa, ko maɓalli ne. In ya shiga, mamaci ba ya kwanciya, kuma 'ya'ya da jikoki ne za su yi ta fama da ciwon da ba a gane kansa. Ta ja kujera ta zauna, ta fara bin tattarar ɗaya bayan ɗaya da yatsa, daga ƙugu har ƙasa. Ta ce wa Lenh ya buɗe tafin hannunsa. Duk allurar da ta zaro sai ta ajiye masa a ciki.

"Riƙe da kyau. Ba don ni nake cirewa ba. Ni in na tafi na tafi. Kai za ta soka, da 'ya'yanka."

Ya tsaya da hannu a buɗe. Da ta zo kan ɗan katantanwan nan na gefen hagu ta daɗe a wurin, tana shafawa da babban yatsa. Ta bi bujen har sau biyu, sannan ta ninke shi yadda uwarta ta ninke, ta sa a ƙasan kwando, ta ɗora bargo a kai, ta goya kwandon tun a zaune.

Sai idonta ya faɗa kan 'yar tsanar, an jingine ta a bango tsirara daga ƙugu zuwa ƙasa. Ta ce wannan kuma bai dace ba, ko 'yar wa ce. Ta ciro ɗankwalinta na sama ta ɗaura mata. Ta gaya wa Malama Nhung cewa tana da rama a jiƙe a gida, in baba ya yi kyau bana za ta yi wa yarinyar nata bujen, na masu rai, wanda babu mai zuwa nema. Amma da sharaɗi. In za a faɗa wa yara sunanta a ce Giang Thi Kia tana nan da ranta, tana cin dambu. In kuma za a kira masu talabijin, ita za a rataya wa furen.

Malama Nhung ta ce da kanta za ta zo ɗauka, kuma wannan karon mai kayan za ta tambaya.

Lenh ya zube alluran a tebur. Ya ce to shi ke nan, ta samu abin da take so, yanzu abu ɗaya yake roƙo. Abin da ya faru a birni ya tsaya a birni. In ƙauye suka ji ya kashe uwarsa da baki, ba kujera ba, ko gadin rumbu ba za a ba shi ba.

"Haba, ɗan nan, ni da tonon asiri?" in ji Kia, tana sa takalmi. "Ko mutum ɗaya ba zan gaya wa ba. Pla kawai na kira da wayar matan nan, kana ofis, don kada ta ji a bakin wani ta ɗauka da gaske na mutu."

Lenh ya dube ta. Ya ɗauki hularsa daga kan tebur, ya fita, ya maido ƙofar da ƙarfin da ya sa 'yar tsanar ta zame daga jikin bango ta faɗi a ƙasa.